Teburi Biyu: Ni da Surukina a Delhi

Ina tsakiyar fama da karatun da kwalejinmu ta tura ni Delhi, sai matata Hadiza ta kira ni daga Katsina ta ce za a kawo Baba asibiti. Baba mahaifinta ke nan, surukina. Ba zan rubuta sunansa ba, don tun da na auri 'yarsa bakina bai taɓa furta shi ba, kuma ba yau zan fara ba. Dattijo ne na cikin Ƙofar Marusa, tsohon ma'aikacin gwamnati, irin mutanen da idan suka fito ƙofar gida hayaniyar layi take lafawa da kanta.

Likitocin gida sun ce sai an yi masa aiki a zuciya. An shirya zai taho da Hajiya, matarsa, sai bizarta ta maƙale. Babban ɗansa kuma fasfo ɗinsa ya ƙare bai lura ba. Aka yi shawara aka ce ai ga Kabiru can, ɗan gari ne. Ɗan gari! Ni da har lokacin idan na shiga keke mai ƙafa uku sai direba ya zagaya da ni rabin birnin kafin ya sauke ni inda da ƙafa ma zan iya zuwa.

A filin jirgi aka turo mini shi a keken marasa lafiya, cikin farar babbar riga, hannunsa na dama a cikin rigar, jelar carbi tana leƙowa. Na cire takalmana a tsakiyar jama'a na durƙusa na gaishe shi. Indiyawa suka tsaya suna kallonmu, ko a jikina. Ba mu yi musabaha ba, domin a wurinmu suruki ba ya miƙa wa uban matarsa hannu.

"Malam Kabiru," ya ce, "mun ishe ku lahiya? An ɗora maka wahala."

"Haba Baba, wace wahala?"

Wahalar farko ba ta bari mun kwana ba. Akwai wani ɗan ƙasarmu da ke dillancin marasa lafiya, ana ce masa Oga Bash, mai zaƙin baki kamar ya lashi zuma. Shi ya yi mini alkawarin masauki mai ɗakin girki, har da wai wata Bahaushiya da za ta riƙa yi wa Baba tuwo. Na ba shi kafin alƙalami. Da muka isa adireshin, sai muka tarar da shagon gyaran waya. Na kira lambarsa har kunnena ya yi zafi, mutumin nan ya yi layar zana. Na tsaya a bakin titi da dattijo a keke da akwati biyu, motoci suna ta ƙara a kanmu, zufa tana bin bayana. Baba bai ce mini komai ba sai, "Allah shi kyauta." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Haka muka ƙare a wani ƙaramin otel kusa da asibitin, inda aka rubuta a bango cewa ba a girki a ɗaki. Na kama masa ɗaki, ni ma na kama na kusa da shi, na bar ɗakin kwanan ɗalibai da karatun gaba ɗaya.

Likitan da ya duba shi mutum ne mai natsuwa. Ni ne tafinta, amma da aka ce Baba ya cire riga sai na juya fuskata ga bango, ina fassara daga can. Likita ya ce ya ga hannun daman da rauni. Na faɗa wa Baba. Ya ce wata 'yar lalura ce ta taɓa shi bara, kuma ta wuce. Na mayar wa likita haka. Bayan gwaje-gwaje ya zaunar da ni ya ce aikin zai yiwu, amma ba a wannan jikin ba. Jininsa ya yi ƙasa, ya rame. Sai ya ci abinci sosai ya yi ƙarfi, sannan a sa rana. In bai yi ƙarfi ba, ba za su taɓa shi ba, kuma zuciyar ba za ta jira mu ba.

Na ce a raina, in dai abinci ne ai da sauƙi.

Na fara da abincin otel ɗin. Zan karɓo shinkafa da miyar wake da gurasarsu, in ajiye masa a ɗan teburin ɗaki, in ce, "Baba ga abinci," in fita in ja ƙofa. Wanda ba Bahaushe ba zai ce me ya sa ban zauna ba. To ban taɓa ganin surukina yana tauna ba, shi ma bai taɓa ganina ina tauna ba. Ko a gidansa na je, zaure ake kai mini kwano, shi yana ciki. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Idan na dawo sai in tarar an rufe farantin.

"Baba, an ci kuwa?"

"Alhamdu lillahi."

In na buɗe a waje sai in ga an ɗan tona gefe, shi ke nan. Wata rana na tarar da shinkafa warwatse a ƙasa, ya ce farantin ne ya zame. Na share, ina tsine wa yajin Indiya a zuciyata, don na gama yanke hukunci cewa abincin ne bai karɓe shi ba. Ni kaina da na zo sai da na yi wata ina hawaye a kan faranti.

Muka koma asibiti aka auna shi, ya ƙara raguwa. Likita ya dube ni ta saman tabarau.

"Yana cin abinci?"

Na tambayi Baba da Hausa.

"Ina ci," in ji shi.

Likita ya ce in fita da shi ya sha iska, in nemo masa abin da ransa yake so ko a ina yake. Daga nan yawon gidajen abinci ya fara.

Na fara kai shi wani babban otel mai sanyin na'ura, inda ake jera abinci a dogon teburi kowa ya ɗebi son ransa. Ma'aikacin wurin ya nuna mana teburi mai kujera biyu. Na ce masa teburi biyu muke so. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya tambaye ni ko ba tare muke ba. Na ce tare muke. Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a. Na gyara wa Baba kekensa a lungu, na zubo masa kaza marar yaji da dankali da romo, sannan na koma can nesa na zauna na ba shi baya. Ina jin ƙarar cokulan mutane, ina ta addu'a a ce ɗaya daga ciki nasa ne. Da na ga an jima sai na yi gyaran murya na juyo. Teburinsa wayam, ya riga ya yi wa ma'aikaci alama ya kwashe.

"Ya abincin, Baba?"

"Ba laihi."

Na ji daɗi ranar har na kira Hadiza na ce mata an dace. Ashe ko loma bai kai ba.

Na kai shi tsohon gari, unguwar Musulmi, kusa da wani babban masallaci, inda ake gasa nama a bakin hanya, hayaƙi yana tashi kamar tashar Ƙofar Kaura da yamma. Na ɗauka ko shakkar yanka ce take hana shi. Mai gidan abincin, wani mai jan gemu, da ya ji daga Najeriya muke sai ya dafa ƙirji ya kira Baba Haji Sahib, ya kawo masa farfesun ƙafar akuya ya ce kyauta ne. Nan ma na nemi wani benci na juya baya. Da muka tashi tafiya mai jan gemun ya riƙe hannuna yana ta magana da yarensu, yana nuna Baba, yana nuna bakinsa. Na ɗauka cewa yake in sake kawo shi. Na yi ta godiya na tura keke muka tafi.

Na kai shi wurin Larabawa. Na kai shi wurin 'yan Afganistan masu shinkafa da zabibi. Kowane wuri teburi biyu, kowane wuri Alhamdu lillahi. Rigarsa kuwa kullum ƙara yi masa yawa take. Da safe in na shiga gaishe shi sai in ga ƙwallayen dabinon da ya taho da shi daga gida a cikin farantin tokar sigari na otel, su kaɗai ne shaidar wani abu ya shiga cikinsa. Hankalina ya tashi matuƙa. Ina kwana ina lissafin me zan ce wa mutanen Ƙofar Marusa in na mayar musu da shi a haka. Na yi kewar gida irin wadda ban taɓa yi ba, ba don kaina ba, sai don a ce akwai wata tsohuwa a kusa da za ta dama masa fura ta yi masa faɗa ya sha.

Na kira Hadiza na ce ta tambayi Hajiya me Baba ya fi so. Amsa ta dawo: tuwo miyar kuka, mai ruwa-ruwa. Ba a ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Tuwo a Delhi! Na bi ɗalibai 'yan'uwana da tambaya har aka kwatanta mini wani wuri a wata unguwa da baƙaƙen fata suka yi yawa. Abin da ba a gaya mini ba shi ne mashaya ce. Ɗakin girkin yana can ciki, sai ka ratsa ta tsakiyar masu kwalabe. Da rana tsaka muka je, amma ciki duhu-duhu, kiɗa yana tashi, ga wani tsami da ya cika wurin. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da keken, na rasa gaba zan yi ko baya. Mutumin da ko a kasuwa ba a taɓa ganin ya sayi tsire ya ci ba, yau ni ne zan tura shi cikin mashaya.

"Malam Kabiru, nan kuma mi ne ne?"

"Gidan abinci ne, Baba."

"Ina jin warin abincin," ya ce.

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na ji ƙamshin daddawa yana fitowa daga ciki, sai na runtse ido na tura.

Aka kawo tuwon semo da miyar kuka ta gaske, har da man shanu. Na wanke masa cokali, na ajiye ruwan wanke hannu, na koma wani teburi na ba shi baya kamar kullum. Ban daɗe da zama ba na ji an ja kujerar da ke gabana. Wata mata ce mai kimanin shekarun uwata, da 'yar sarƙar gicciye a wuya da kular abinci a hannu.

"Sannu ɗana. Tun da na ji baban nan ya ce 'mi ne ne' na san mutanen Katsina ne."

Ta ce sunanta Saratu, 'yar kudancin Kaduna ce, amma a Katsina ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya, gidansu yana hanyar Batagarawa. Mijinta ta kawo wankin ƙoda, nan take zuwa saya masa abinci. Muka gaisa sosai, ta tambayi mai jiki, na tambayi nata. Jin Hausa a bakinta kawai ya sa idona ya kawo ruwa.

"Mahaifinka ne?"

"Surukina ne, Mama."

"Shi ya sa," ta ce. Sannan ta rage murya. "Kada ka juya yanzu. Tun ɗazu nake kallonsa. Sau nawa yana ɗebo miyar nan, kafin ta kai baki ta zube a rigarsa. Hannun ba ya kaiwa. Ya gwada yanko tuwon, ya faɗi. Na ga ya dubi hannun hagu, ya mayar da shi. Yanzu goge rigar yake yi kada ka gani. Ɗana, baban nan ba ƙin abinci yake ba. Yunwa yake ji."

Shinkafar da na share a ɗaki ta faɗo mini, da mai jan gemun nan yana nuna bakinsa. Duk garin nan kowa ya gani, ma'aikatan otel sun gani, mashaya sun gani, ni kaɗai da aka damƙa wa amanarsa nake zaune ina kallon bango.

"To a gida wa yake ba shi?" na tambaya, kamar ita za ta sani.

"Wa kuwa in ba matarsa ba? A ɗaka, ƙofa a rufe." Ta tashi ta ɗauki kularta. "Ni da zan iya da na ba shi, amma ka san ba zai karɓa a hannuna ba. Ina da garin kunu da na ɓoyo daga gida, da 'yar butar lantarki da masu otel ba su sani ba. Faɗa mini inda kuke."

Bayan la'asar ta aiko da kunun gyaɗa a fulas, da zafinsa. Na daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Baba da fulas ɗin a hannu. Na yi jarrabawa iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na yi sallama na shiga. Yana zaune a keken, ya sake riga.

"Baba, wata 'yar garinmu ta aiko da kunu."

"Allah shi yi mata albarka. Aje nan, ka tahi abinka."

Na zuba a kofi, na sa cokali, na durƙusa a gefen keken. Ban fita ba.

"Malam Kabiru, ba ka ji ni ba?"

"Na ji, Baba."

Kaina yana ƙasa, ina kallon yatsun ƙafarsa. Can sai na ga ya zaro hannun daman daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Yana karkarwa, yatsun sun lanƙwashe, carbin ma ashe a wuyan hannun yake rataye.

"Matar nan ta gaya maka."

"Ta gaya mini."

"Ɗiyata ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Bar shi haka nan sai mun koma." Ya ja numfashi. "Ja labulen tagar can."

Na ja labule na dawo. Ya kawar da idonsa gefe, ya yi bisimilla, ya buɗe baki. Na ɗebo kunun, amma nawa hannun ya fi nasa rawa, cokalin farko a gemunsa ya ƙare.

"To," ya ce, "mun zama mu biyu. Wa za ya ba wani?"

Dariya ta kuɓuce mini tare da kuka. Na goge masa gemun da hannun rigata na sake ɗebowa. Ya sha. Ya sake sha. Abin da ba zan manta ba har in mutu shi ne yadda bakinsa yake biyo cokalin tun kafin in gama ɗebowa. Dattijon da ake tashi tsaye in ya shigo taro. Ya shanye kofin, na ƙara, ya shanye. Hawaye yana bin kuncinsa, bai share ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Daga ranar ni nake ba shi, safe da rana da yamma, labule a ja. Na riƙa zuwa mashayar nan ni kaɗai ina karɓo tuwo a kula, har masu kwalaben suka san ni suna tambayata jikin Baba. Mama Saratu ba ta fasa aiko da kunu ba, alhali nata mijin yana kwance. Baba ya fara hira. Ya ba ni labarin yadda ya yi rangadi a ƙauyuka yana saurayin ma'aikaci, ya tambaye ni me ake koya mana da ba a iya koyarwa a gida. Fuskarsa ta ɗan ciko. Na fara sa rai.

Da muka koma asibiti aka yi hoton zuciyar, likita ya daɗe yana kallon allo. Ya ce jinin ya ɗan hau, amma zuciyar ta ƙara rauni fiye da ranar da muka zo, yanzu in an kwantar da shi a teburin aiki ba zai tashi ba. Na tambaye shi, da a ce tun zuwanmu yana ci fa? Ya ce ba zai iya sani ba. Na roƙe shi, na ce a ƙara mana lokaci, na ce a gwada wani likitan. Ya dafa kafaɗata ya ce in kai shi gida cikin iyalinsa.

Ni ne tafinta, don haka ni na juyo na faɗa wa Baba da bakina. Ya saurara har na gama.

"To Alhamdu lillahi," ya ce. "Nema muna jirgi. Ka kuma je ka yi ma matar nan godiya, ka ce ina gaida mai gidanta."

Mun iso Katsina da ransa. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, Hajiya tana gefensa.

Bayan an share makoki na je yi wa Hajiya sallama zan koma karatu. Tana cikin takaba, ta bayan labulen ɗakinta muka gaisa, ina durƙushe a tsakar gida. Ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba tun da na shigo zuriyarsu. Har na yunƙura zan tashi sai na ji muryarta, ta kira ni da sunan 'yata.

"Baban Ummi, in tambaye ka. A can, ya ci abinci?"

"Daga baya ya ci, Hajiya."

"Daga baya," ta maimaita. Labulen ya ɗan motsa. "Ranar da za ya tahi na sa an nemo mani lambarka. Na riƙe wayar har ta yi zahi a hannuna. Da ka aiko tambayar abin da ya fi so ma na riƙe ta. To da wane baki zan ce ma surukina ya ba mijina abinci a baki? Shi kuma ya ce in na hwaɗi bai yahe ba."

Ina jin kukanta a hankali, irin na wanda ba ya son a ji. Da ta natsu ta yi mini addu'a mai tsawo, sannan ta kira wata jikarta ta ce a kai mini abinci zaure.

Na koma zaure na zauna. Aka kawo kwanon aka ajiye a gabana aka fita aka bar ni ni kaɗai, yadda aka saba. Ina nan zaune har ya huce, ban buɗe shi ba.